Holancin Cikin Gida

Tun da na zo hutun Babbar Sallah tambaya ɗaya ke bina, daga bakin masallaci har teburin mai shayi: wai tunda ni da uwargida muna jin Turanci, me ya kai ni wahalar koyon yarensu da girmana? Wani abokina ɗan canji cewa ma ya yi, "Kai da ka auri Baturiya, ba Turancin ne yarenta ba?" Na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya a nan, kowa ya karanta, bakina ya huta.

Da farko dai ba kowane Bature ne Turancin Ingila yake yarensa ba. Matata 'yar Holan ce, ƙasar da mutanenta suka kai miliyan 18, kuma suna da harshensu da suke kira Nederlands. Da shi ake magana a arewacin Beljiyam da kuma Suriname can Kudancin Amurka. Ni dai Holanci nake ce masa. Kuma Holan ba baƙuwarmu ba ce, ko da ba mu lura ba. Atamfar da iyayenmu mata ke ɓoyewa a ƙasan akwati sai ranar biki, a garin Helmond kamfanin Vlisco ke buga ta, kamfanin da aka kafa tun 1846. Madarar Peak da muke zubawa a shayi asalinta can ne. Masu kallon ƙwallo sun san Westerhof da ya ciwo mana kofin Afirka a 1994, da Bonfrere da ya ciwo zinare a Atlanta a 1996, da namu Tijjani Babangida da ya yi wa Ajax wasa. Ƙauyen su matata bai fi tafiyar keke ba zuwa Helmond ɗin. Ranar da na faɗa wa Inna haka, cewa ta yi, "To ashe garin atamfa za ka."

Yadda muka haɗu ba dogon labari ba ne. Ta zo Ibadan bincike kan yadda tumatir da albasa ke lalacewa a hanya tsakanin Arewa da nan, ni kuma aka ɗauke ni tafinta, ina raka ta Shasha da Bodija ina juya mata maganar dillalai. Shekara biyu ana aiki, daga baya aka yi abin da ya dace, manya suka shiga, aka ɗaura aure a nan Sabo. Da yawanku kun ci shinkafar.

Duk wannan da Turanci aka yi shi, kuma ya wadatar. Da shi muka yi hira, da shi muka yi lissafin kuɗin haya. Wurin da ya gaza shi ne daren da aka kira ta daga gida aka ce mahaifinta ya rasu. Tana zaune a bakin gado riƙe da waya, ita da mahaifiyarta suna kuka suna magana, fiye da awa ɗaya, ni kuma ina gefe kamar wanda aka ajiye gadin ƙofa. Da ta ajiye wayar ta juyo za ta yi min bayani, sai Turancin ya ƙi fitowa. Matar da ta rubuta littafin digiri da Turanci, a daren nan ta kasa haɗa jimla uku. Abin da ke fita daga bakinta Holanci ne, ni kuma ko kalma ɗaya ban kama ba. Kowa a cikinmu ya san wannan a jikinsa. Komai iya Yarabancinka, ranar da aka ce maka uwarka ta rasu da Hausa za ka yi salati ka yi kuka. Na riƙe hannunta har asuba, amma na kwana da sanin cewa akwai wani ɗaki a cikin matata da ba ni da mabuɗinsa.

Bayan jana'iza ta yanke shawarar komawa gida ta kula da tsohuwa, ni in biyo ta. A nan doka ta shigo. Tun 2006 Holan ta ce wanda zai biyo miji ko mata daga ƙasa irin tamu sai ya ci jarrabawa tun yana ƙasarsu kafin a ba shi bizar zama. Kashi uku ce: karatu, magana, da sanin rayuwar ƙasar. Yuro 150 na biya, 'yan canji ku yi lissafin da kanku. Akwai littafin shiri mai suna Naar Nederland, wato "zuwa Holan", da fim ɗinsa da tambayoyi 100 masu hoto, daga ciki 30 ke fitowa. Wannan ɓangaren hadda ce kawai, kuma wanda ya yi makarantar allo ba a tsorata shi da hadda. Maganar ce aiki.

Mu 'ya'yan Sabo muna da wani ƙarfin gwiwa kan yare. Mun tashi da Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, buroka a tasha, Larabci a allo, Turanci a boko. Sai dai duk waɗannan da kunne muka sha su muna yara, ba mu san lokacin da suka shiga ba. Wannan kuwa ina da shekara 38 na fara, da littafi da biro, bayan sallar isha'i, ga ƙarar janareton maƙwabta.

Abin da kowa ke tsoro a Holanci shi ne harafin g, wanda suke kakarowa daga maƙogwaro kamar mai shirin tofar da majina. Ni bai ba ni wahala ba, domin kusan shi ne kha ɗin da malam ya sa muka yi ta maimaitawa da bulala a hannu. Goedemorgen, barka da safiya, na faɗe shi daidai tun makon farko. Har ila yau na yi sa'a, mutanen kudu irin su matata, 'yan Brabant, nasu g ɗin mai laushi ne. Inda na sha wuya shi ne wurin da ban zata ba. Ni da na tashi a rumfar albasa, ubana dillalin albasa, kalmar albasa ce ta fi ƙarfina. Ui ake rubuta ta, harafi biyu kacal, amma sautin babu shi a Hausa, babu a Yarabanci, babu a Larabci. Za ka fara kamar za ka ce "a", sai ka tsuke baki kamar mai shirin fito. Kuma ba ta gujuwa, don sautin yana cikin huis, gida, yana cikin buiten, waje. Wata biyu ina tsayawa gaban madubi ina kiran albasa. Su kuwa mutanen nan albasa sana'arsu ce, suna cikin manyan masu fitar da ita a duniya, jirgi-jirgi suke kai ta Dakar da Abijan.

Wani abin kuma Hausa ta taimake ni. Suna bambanta wasali gajere da dogo kamar mu. Yadda garin da ake zama ya bambanta da garin tuwo, haka man, namiji, ya bambanta da maan, watan sama. Wani Bature ɗan Ingila da muka yi aji ɗaya da shi daga baya ya fi ni shan wuya a nan, abin da ya yi min daɗi ƙwarai, Allah ya yafe min.

Ƙirga kuma a juye suke yi. 21 sai su ce eenentwintig, ɗaya-da-ashirin, irin na Larabci. In mai kanti ya ce zevenentachtig, bakwai ka fara ji, amma 87 yake nufi. Agogo ya fi wannan rikici: half drie a zahiri "rabin uku" ne, amma biyu da rabi ake nufi, don su awar da ke tafe suke dubawa. A ƙasar da jirgin ƙasa ba ya jiran kowa, kuma ko gidan surukarka sai da afspraak, wato alƙawarin rana da lokaci da aka rubuta a littafi, wannan ba abin wasa ba ne. Sai kuma yadda suke jefa aikatau can ƙarshen magana. Ik heb gisteren op de markt uien gekocht: ni na jiya a kasuwa albasa saya. Dole ka jira mutum ya kai ƙarshe kafin ka san ko saya ya yi ko sata. Ina zargin shi ya sa ba su cika katse juna ba.

Wata goma sha huɗu muka yi tana can ina nan. Muka yi yarjejeniya: kowace safiya zan aika mata saƙon murya a WhatsApp da Holanci zalla, ko da jimla biyu ne, ita ma ta amsa da shi, a hankali. Na farko-farkon abin dariya ne. Na tashi. Na sha shayi. Akwai zafi. An ɗauke wuta. Kamar ɗan shekara uku. Mutumin da ke juya maganar dillalan Shasha da karin maganarsu da habaicinsu, ga shi ya koma "ina cin burodi". Wannan ƙanƙancin shi ne ainihin kuɗin makarantar, ya fi Yuro 150 ɗin ciwo. A Hausa ni mai ban dariya ne, kun sani. A Holanci na yi shekara guda ban ba kowa dariya da gangan ba.

Kalmomin soyayya kuwa, dattawa su yi haƙuri su tsallake wannan sakin layi. Ik hou van jou shi ne ina son ki. Ik mis je, ina kewarki. Suna kiran juna schat, wanda asalin ma'anarsa taska ce ko dukiyar da aka ɓoye, ko lieverd, abin ƙauna. Waɗannan a rana ɗaya na haddace su, kuma abin mamaki sun fi sauƙin fita daga bakina fiye da na Hausa, don ba su ɗauke da kunyar da aka raine mu da ita. Sai dai na lura ba su ne ke taɓa ta ba. Kowane ɗan yawon buɗe ido yana iya haddace su a jirgi.

Abin da ke taɓa ta wasu 'yan ƙananan kalmomi ne da ƙamus ba ya iya fassarawa. Mu muna da su: dai, mana, fa, kam, ai, ɗan. Kun san bambancin "shigo" da "shigo mana", ko "jira" da "ɗan jira". Na farko umarni ne, na biyu lallashi. Turanci matalauci ne a wannan fanni, shi ya sa Bahaushe ke jin kamar an ɗaure masa hannu ɗaya in yana Turanci. Holanci kuwa cike yake da su. Kom binnen shigo ne. Kom maar binnen shigo mana. Wacht jira, wacht even ɗan jira. Nee a'a ce mai sanyi kamar ƙarfe, nee hoor kuwa "a'a, haba, ba komai". Toch a ƙarshen magana shi ne "ko ba haka ba", ko abi ɗin maƙwabtanmu. Har "ɗan" da "'yar" da muke liƙa wa abu don mu tausasa shi suna da shi, sai dai su a wutsiya suke sa shi: kop kofi, kopje ɗan kofi. Ranar da na gane wannan ji na yi kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a tashar wata ƙasa. Mutanen da ake cewa ba su da kara, ashe a nan suka ɓoye tausayinsu.

Wata rana ta dawo daga asibiti da tsohuwa, ta aiko min saƙo muryarta duk ta mutu, tana lissafa abin da ya rage ta yi kafin ta kwanta. Na amsa mata da jimla ɗaya: Ga maar lekker slapen, schat, dat kan morgen toch ook. Je ki yi barcinki mana, ai gobe ma rana ce. Ba ta amsa ba sai da safe. Ta ce sau shida ta saurara, kuma haka mahaifinta yake ce mata tana yarinya. Ban taɓa jin muryar mutumin da Holanci ba. Yaren ne ya ajiye maganar, ni dai na zo na tarar da ita.

Su ma kalmomin haɗari na koye su. Idan matarka 'yar Holan ta ce laat maar, a littafi "bar shi kawai" ne, amma a cikin gida daidai yake da "ba komai" ɗin matanmu, wanda duk mai aure ya san akwai komai. Idan ta zauna ta ce hè hè, gajiya ce ta sauka, kawo shayi. Rigima dai har yau da Turanci muke yi, don shi ne filin da ba na kowa ba. In ta koma Holanci a tsakiyar faɗa to abin ya kai zuciya, in na koma Hausa ita ma ta san haka.

Na ci jarrabawa, takardu suka fito, na tafi. Sai ga wata matsala da littafi bai faɗa ba: mutanen ba sa barinka ka yi yarensu. Kusan kowa yana jin Turanci, da ka buɗe baki suka ji harshenka ya karkace sai su juya maka zuwa Turanci, su a ganinsu taimako ne. A nan Ibadan in baƙo ya ce ẹ kaaro ko a karkace, sai 'yan kasuwa su yi ta murna suna ƙara masa. Can kuwa sai ka roƙa. Na haddace jimla ta musamman saboda haka: Ik wil graag Nederlands oefenen, ina so in gwada Holancina. Da ita nake buɗe magana a kanti da wurin likita. Akwai kuma zaman hira da ake yi kyauta a laburaren gari, taalcafé, inda tsofaffi 'yan fansho ke zama da baƙi ana shan kofi ana magana. Da yamma ina kallon labaran yara na talabijin, Jeugdjournaal, don su ne ke magana da saurin da kunnena ke iya bi. Kuma ban gama ba: a sabuwar dokar da ta fara aiki a 2022 ana ba mutum shekara uku ya kai matakin da suke kira B1, ga shi kuɗin makaranta daga aljihun irinmu masu biyo aure yake fita.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa juya min zuwa Turanci ba, surukata, don nata ɗan kaɗan ne kuma tsufa ya fara kwashe shi. Ita ce babbar malamata, kuma da ita muka yi doguwar ja-in-ja. Holanci yana da u na girmamawa da jij na tsara, kamar ẹ da o a Yarabanci, ko yadda muke ce wa babba "ku". Tun ranar farko da u nake mata magana. Sai ta ce zeg maar je, wato in daina, in ce mata "ke", har ma in kira ta da sunanta na yanka kamar yadda sauran surukanta ke yi. Jama'a, ku ji fa. Ni da ko sunan yayar Inna ban taɓa furtawa ba. Na ce wa matata ta faɗa mata wannan kam ba zai yiwu ba. Tsohuwa kuma ta ji zafi, don a wurinsu wanda ya nace da u kamar yana cewa ne "ni baƙo ne, ki tsaya can". Abin da ni nake bayarwa a matsayin ladabi, ita nisa take karɓa. Mako uku muna gaisawa sama-sama.

Yarensu na Brabant ne ya raba gardamar. Su a can ba sa cewa "uwata", sai ons mam, innarmu, ko da mutum shi kaɗai aka haifa, kamar dai yadda muke cewa babanmu. Na ji 'ya'yanta na faɗa, sai wata rana da na kawo mata magani na ce, "Ons mam, ga maganinku," da Holanci, da u ɗina a ciki. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to, in dai ons mam ce, in riƙe u ɗina. A haka muke har yau. Ranar Laraba ni ke kai ta kasuwa, tana tura keken tsofaffi ina riƙe da jaka, tana nuna abu tana faɗin sunansa ina maimaitawa. In mun zo wurin albasa sai ta tsaya, ta sa in faɗa sau uku a gaban mai rumfar.

Da aka yi shekara biyu da rasuwar maigidanta muka je maƙabarta tare. Su ba sa gaggawar binnewa irin tamu, doka ta ba su har ranar aiki ta shida, kuma bayan an gama kofi da yankan kek ake ba mutane. Kalmar ta'aziyyarsu gecondoleerd ce, sai su ƙara da sterkte, wato Allah ya ba da ƙarfi, in an Hausance ta. A bakin kabarin uwa da 'ya suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, suna tuna yadda yake gyaran keke a tsakar ɗaki yana ɓata kafet. Ban kama duka ba, amma na kama kafet ɗin, na yi dariya a inda suka yi.

Uwargida ma ba a zaune take ba. Tana da Hausar kasuwa tun zamanin Shasha, yanzu kuma ta dage da ta gaisuwa, don ta gano hoe gaat het, goed, ɗin su, "yaya, lafiya", ba zai kai ta ko'ina ba a wurin Inna. Duk Juma'a in na kira gida sai ta karɓi waya ta bi layi: ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya yara, yaya haƙuri da mu. ɗ da ƙ har yanzu suna ba ta abin da albasa ta ba ni. Muna sa ran ƙaruwa bayan damina in Allah ya yarda, kuma mun riga mun raba aiki: ita Holanci, ni Hausa, Turanci ya jira makaranta.

A Brabant in za a rabu ba a cika cewa dag ko doei irin na sauran ƙasar ba, houdoe ake cewa, ana furta shi kamar "haudu". Da yake ranar Juma'a a gidan tsohuwa muke yini, sau da yawa Inna tana kan waya lokacin da baƙi ke sallama. Rannan sai ta ce min, "Wai ni wane ne Audun nan da kullum ake kira in za a tashi, shi kuma bai taɓa amsawa ba?" Na yi mata bayani, na kuma juya wa surukata tambayar da Holanci, da kaina, ba tafinta. Tsohuwa ta yi dariya har sai da aka miƙo mata ruwa. Tun daga ranar, in sun gama gaisawa ta bidiyo, ɗaya na ɗaga hannu daga Brabant ɗaya daga Sabo, Inna ce ke fara cewa, "To, Audu."